Murhun Maza a Bayan Kamfama

Na ji abin da kuka ce ran da aka kai takardar neman masu aikin sa kai makarantarku ta Madawa. Wai wani cikinku ya ce mene ne abin koyo a haƙa, ai kowa ya iya haƙa. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ni Isuhu, shekara talatin da ɗoriya ina haƙar kufai tare da masu binciken tarihi, a cikin ramuka furfura ta same ni, kuma har yau in na durƙusa gaban sabon wuri sai murna ta kama ni. To ku saurara in ba ku labarin sana'ar. Na san ba za ku fasa zuwa ba, ni ma ba na so ku fasa.

Da rijiya na fara. Kawuna Aliyo mahaƙin rijiya ne a ƙasar Buza, shi ya ɗaura mini igiya a ƙugu tun ina saurayi. Mutum ne marar yawan magana, koyarwarsa kuma iri ɗaya ce kullum. In na cika guga da ƙasa aka ja sama, sai ya damƙi kaɗan ya murza, ya leƙo ya ce, "Kai, mi kat taka yanzu?" Dole in faɗa masa daga can ƙasa ko jar ƙasa ce, ko tsakuwa, ko farar nan mai kama da alli, ko laka ta fara. In na yi kuskure ba ya zagi, sai dai ya sako mini gugan da ƙasar a ciki in sake dubawa. A haka na koyi cewa ƙasa hawa-hawa take, kowane hawa da launinsa da ƙamshinsa da irin ƙarar da yake yi in ƙarfe ya taɓa shi.

Aikina na farko da masu bincike, tukunya na kashe. Wani dattijo ne ya zo daga Yamai yana neman wuraren da mutanen dauri suke narka tama a wajen Keita, muna ce masa Mai Gilashi. An ce masa akwai yaron Aliyo da ya san ƙasa, ya ɗauke ni. Ni kuwa ƙuruciya na ɗiba ta, na ce bari in nuna wa mutumin birni ƙarfin ƴan Adar. Na ɗaga diga na sauke, sai na ji ƙwas. Tukunya ce lafiya lau, ta kwanta a wurin tun kafin kakan kakana, ni na zo cikin ƙiftawar ido na mayar da ita sakaina. Mai Gilashi bai ɗaga murya ba. Ya karɓe digar, ya zaunar da ni gindin aduwa da robar gam, ya ce in mayar da tukunyar yadda na same ta. Kwana shida ina haɗa gutsattsari kamar mahaukaci. Da na gama saura ɓalli ɗaya a baki, sai ya nuna mini tulin ƙasar da na haƙo ya miƙo mini rariya. Kwana biyu na yi ina tankaɗe kafin ɓallin ya fito, bai fi farcen babban yatsa ba.

Tun daga nan diga ta zama baƙuwa a hannuna, sai in an tabbatar hawan sama ba komai. Kayan aikinmu in kuka gani za ku raina su. Cokalin magina, wanda nawa ya cinye har ya koma rabin girmansa, kuma ba na ba da aronsa ko ga ɗan'uwana. Ƴar tsintsiyar kaba, da burushi mai laushi, da tsinke, da felu na kwashe ƙasa, da rariya mai ƙafa wadda mutum biyu ke girgizawa. Sai zare da turaku, don ba a haƙa ko'ina, sai an yanka wuri gida-gida an ba kowane gida lambarsa. Ba soka cokali ake yi ba, kwantar da shi ake yi ana kankarewa, kamar mai kankare ƙanzo a tukunya. Kunnenka na sauraro. In ƙarar ta sauya, ka tsaya. In rana ta busar da wuri launi ya ɓace, ni guntsar ruwa nake yi in fesa, nan take baƙin toka ya rabu da jar ƙasa. Duk abin da ya leƙo, ko maɓalli ne, ba a ɗaga shi sai an auna, an zana, an ɗauki hoto. Wannan ita ce doka ta farko, kuma ku riƙe ta, don ita ce na manta ban faɗa ba a ranar da ta fi kowace rana.

Masu binciken da na yi wa aiki iri-iri ne. Akwai mai gaggawa, wanda yake so ƙasa ta ba shi amsa kafin motarsa ta huce. Akwai wanda sai ya zana kowane dutse da alƙalami har mu gaji da tsayuwa. Akwai wata da ta kwana uku tana murna a kan ƙashin jaki, muna ta ƙunshe dariya, daga baya ta nuna mana shaidar sirdi a ƙashin bayansa, dariya ta ƙare. Dukkansu abu ɗaya ya haɗa su a wancan zamani: su zo, mu haƙa, su zuba a buhu su tafi. Mutanen gari daga nesa suke kallo, suna cewa zinariya ake nema.

Sai shekarar wahala ta zo. Hanyoyi suka yi rashin tsaro, baƙi suka ɗauke ƙafa, damina kuma ta yi gardama. Na naɗe cokalina a tsumma na sa a ƙasan akwati. Na koma yashe tsofaffin rijiyoyi da gwiwar da ta riga ta gaji, daga baya na bi samari ci-rani, ina ɗaukar bulo a kan gini, ni da aka saba kira in duba ƙasa. Rani uku ban durƙusa gaban zare ba. Na riga na ce sana'ar ta mutu, saura in bi ta.

Ina zaune a tashar Buza wata rana aka ce wata mata na nemana. Malama Rakiya ke nan, ɗiyar Madawa ce, ta yi karatun binciken tarihi har ta zama mai koyarwa. Ta ce, "Baba Isuhu, an ce mini in ina son ƙasar Adar ta yi magana, kai zan nema." Ta ce akwai tsohuwar kamfama a wani gari kan hanyar Garhanga, wato masaukin dutse da nasara ya sa aka gina don kumandan in ya fito rangadi. Ba ta da ma'aikata, ba ta da mota sai ta haya. Abin da take so shi ne mutanen garin su yi aikin da hannunsu, gayya, ni in koya musu. Wallahi ban bari ta gama ba na tashi na tafi gida ɗauko cokali.

Ga inda matsalar take. Ginin kamfamar kansa ba mai taɓa shi, takardun nasara sun ambace shi, ɗakuna da barga. Amma a bayansa akwai wani fako shimfiɗaɗɗe, ba ciyawa ba itace, sai duwatsu warwatse. Hukumar gari ta zaɓi fakon nan don gina rumbun tsimi na hatsi, abin da garin ke matuƙar buƙata, kuma katafila za ta zo ta baje wurin kashegarin kasuwa, kwana takwas ke nan. Tsofaffin gari kuwa sun ce a fakon nan ake tsare iyayensu lokacin aikin dole, sa'ad da ake fasa dutse ana yin hanyar mota. Takarda ba ta faɗi haka ba. Mataimakin magajin gari, Malam Abdu, ya yi mana adalci, ya ce in mun nuna akwai wani abu a wurin za a matsar da rumbun, in babu katafila ta yi aikinta.

Ranar farko na zaci mutum goma za su zo. Gari guda ya fito! Manoma, da maƙeri, da ladan, da mata da yawa da ban iya ƙirga su ba. Muka fara da gaban kamfama don su koyi hannu. Kai, ban taɓa jin daɗin aiki irin na kwanakin nan ba. Da maɓallin rigar gardi-sarki, dogarin nasara, ya fito a rariya, ihun da aka yi sai ka ce an haifi ɗa namiji. Aka sami kwalba kore, da kwanson harsashi, da wani lofen shan taba da ya karye. Wani maƙeri ya ɗauki wani ƙarfe da ni da Malama muka kasa ganewa, ya jujjuya ya ce linzamin raƙumi ne, har ya faɗi gidan maƙeran da ke irin wannan ƙira. Shugabar matan ita ce Inna Tsahara, tsohuwa tukuf, ta doshi tamanin, amma bakinta bai tsufa ba. Kullum sai ta ce da ni, "Kai mai ƴar tsintsiya, matarka ta san shara kaka yi nan?"

Kwana na biyar muka shirya shiga fako. Da safe ni da Malama muka tsaya gidan mai gari muna gaisuwa, aka kawo fura, zance ya yi tsawo. Da muka iso, sai na ji waƙar mata daga bayan kamfama. Na zagayo na tsaya cik. Fako ya zama fes. Babu dutse ko ɗaya a warwatse. Ga su can an jera su layi guda a gefen gangare, jere mai kyau wanda ko injiniya sai ya yaba.

Ku da kuka tashi a birni sai na bayyana muku. Matan ƙasar nan sun shekara da shekaru suna aikin raya fako. Su suka tsinci duwatsun tsaunukan nan a ka, suka jera su don tare ruwa, suka haƙa ramukan riƙe ruwa, tassa da rabin wata, har gero ya fito inda ko akuya ba ta tsayawa. Macen Adar in ta ga fako da duwatsu warwatse, hannunta ba ya jiran umarni. Sun zo da wuri, sun ga ba mu iso ba, suka ce bari su rage mana aiki. Ni kuma na koya musu cokali, na koya musu rariya, amma ban taɓa buɗe baki na ce kada a ɗaga dutse ba. Laifina ne, ba na kowa ba.

Inna Tsahara ta taho tana kaɗe zane. "To mun gyara muku wuri. Yanzu sai ku yi sharatku cikin daɗin rai."

Malama Rakiya ta zauna a ƙasa daɓas, ta rufe fuska da littafinta. Da ƙyar ta ce, "Inna, duwatsun nan su ne shaidarmu. Yadda suke zaune shi muke son gani."

Waƙa ta mutu. Wata ta ce to a mayar mana, ta juya za ta ɗauko. Nan na daka tsawar da ban san ina da ita ba. "Kowa shi tsaya inda yake! Kada ƙahwa ta motsa!" Don ina kallon ƙasa na ga abin da ya rage mana. Fako ƙasa ce mai tauri, dutsen da ya daɗe a kanta ya nutse rabi. Kowane dutse da suka ɗaga ya bar gurbinsa, ɗan rami mai duhu, ga su nan birjik rana ba ta riga ta busar da su ba. Amma iska ɗaya mai ƙarfi, ko garken awaki, ko ƙafafun mutum arba'in, shi ke nan sun shafe.

Na sa aka kawo karan gero daga gonar da ke kusa. Na ce kowace mace ta bi sawunta a hankali, ta kafa kara a gefen duk gurbin da ta gani. A nan ne al'adar da ta ɓata mana aiki ta cece mu. Ashe ba tsintar hauka suka yi ba. Yadda suka saba, kowace mace da layinta, ba ta shiga na wata, kuma dutsen da ta fara ɗauka shi ta fara ajiyewa a jere. Kowacce ta san nata. Kafin azahar kara ya tsaya a ko'ina. Na hau ragowar bangon kamfama na duba. Na ƙwala wa Malama kira. Karan nan ba a warwatse suke ba. Uku-uku suke tsaye, uku nan, uku can, har ƙarshen fako.

Muka ɗauko duwatsun layin farko muka gwada. Kowane ya zauna a gurbinsa daram, kuma kowane da baƙin hayaƙi a gefe ɗaya, gefen da ke kallon ƴan'uwansa. Murhu ne. Malama ta ce za ta rubuta gaskiya a littafinta, cewa an ɗaga duwatsun an mayar, ba za ta ɓoye ba. Amma ta ce murhu kaɗai bai isa ba, Malam Abdu zai iya cewa fatake ne ko makiyaya suka yada zango, kuma ba za a ce ya yi ƙarya ba.

Inna Tsahara ta ratso cikin mata. Ta zo ta durƙusa gaban murhun da muka mayar, ta daɗe tana kallo. Ta sa tafin hannu a kan duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "Ɗiyata, wanga ba murhun mace na ba."

Malama ta matso. "Ta yaya kika sani, Inna?"

"Duba bakinai, gabas shika kallo, inda iska ka hitowa. Wace mace ka yin haka, hayaƙi shi cika mata ido? Duba wanga dutse ya hi wancan tsawo, tukunya karkacewa za ta yi. Kuma ƙanƙane na, tukunyar mutum guda. Hwatake tukunya guda suka ɗorawa su ci tare. Waɗanga kowa ta kansa yaka yi." Ta ɗaga kai ta dubi fakon. "Ina turmi? Ina dutsin niƙa? Maza na sunka yi girki nan, maza da babu mata kusa da su."

Sai ta ba mu labarin mahaifinta. An kama shi yana sabon aure aka kawo shi aikin hanya. Ya ce wa ƴaƴansa, da yamma ana ba kowa tafin gero, tsaba, ba surfe ba daka, kowa ya dafa abinsa haka nan ya tauna. Ya dawo da ransa, amma har ya mutu bai sake bi ta bayan kamfama ba, in za shi kasuwa sai ya yi doguwar zagaye ta cikin ƙorama. Tana yarinya ta zaci tsoron aljanu yake yi.

Na ce da Malama a ba ni murhu ɗaya. Na ja zare, na durƙusa, na kwantar da cokali. Gari guda na tsaye a bayan igiyar da muka kewaye fakon da ita. Hawan sama ɓawon fako ne. Ƙasa da shi ƙarar cokali ta yi laushi, na fesa ruwa, toka ta fito baƙa wuluk. Na kwashe ta a hankali aka zuba a ƙaramar rariya, Inna Tsahara da kanta ta karɓa ta girgiza, irin girgizar da ba malamin da ya koya mata. Ta tsaya. Ta tsinci wani abu ta ɗora a tafin Malama. Ƙwayoyin gero ne, sun ƙone sun zama gawayi, amma ɗai-ɗai suke, ba wanda turmi ya taɓa. Ni da na shekara talatin ina haƙa, ban taɓa ganin ƙasa ta gaskata mutum a gaban idonsa haka ba. Na yi kabbara ban san na yi ba, jama'a suka amsa.

Sauran kwana biyun ba wanda ya je gona. Muka mayar da duwatsu, muka auna, muka zana, muka buɗe murhu uku a wasu layukan, duk toka da gero tsaba. Kashegarin kasuwa Malam Abdu ya iso a kan babur, katafila na biye da shi tana ruri. Malama ta buɗe littafi za ta fara bayani, sai ta rufe, ta ce Inna ta yi. Tsohuwar ta kama hannunsa kamar jikanta ta bi da shi murhu-murhu. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon gero a tafinsa. Da ya miƙe sai ya ɗaga wa direba hannu ya ce a kashe inji. Maƙerin nan ya ce yana da fili a gefen kasuwa ya ba da shi, mai gari ya shaida, kafin la'asar katafila tana can tana baje wurin rumbu.

Ranar Juma'a gari ya ce za a yi sadaka don mutanen da suka zauna a fakon. Mai gari ya ce a yanka akuya, samari su gasa a raba, ya fi sauƙi. Inna Tsahara ta ce atafau. Ta sa aka ɗauko turame aka kafa a wajen igiya, mata suka surfa gero, suka wanke, suka daka har ya yi laushi. Ita da kanta ta kafa sabon murhu, duwatsu uku kai ɗaya, bakinsa na kallon yamma. Ta tuƙa tuwo da miyar kuka, ƴaƴanta na cewa ta huta tana ture su. Da aka kwashe, ta ɗauki akushin farko ta miƙa wa liman ya yi addu'a. Na matsa na ce, "Inna, da kin bari an gasa naman nan ai da kin huta."

Ta goge zufa da gefen zane, tana kallon murhunan da ke bayan igiya. Ta ce, "Isuhu, mutanen ga sun gaji da girkin maza. Bari ladan tuwon mace shi kai musu, ko sau guda."